Yadda Ake Girka Mataimakin Rubuta Kod A Kan Kwamfutarka Da Ollama, Continue Da Aider

Tambayar da masu koyon rubuta manhaja suka fi aiko mini a 'yan watannin nan ita ce ko akwai hanyar samun mataimakin rubuta kod mai ƙirƙirarriyar basira wanda ba sai an biya shi da dala kowane wata ba, kuma wanda ba zai kwashi kod ɗin abokin ciniki ya kai wata na'ura a wata ƙasa ba. Akwai, kuma kayan da za mu yi amfani da su duka kod ɗinsu a buɗe yake: Ollama mai tafiyar da samfurin (wato ƙwaƙwalwar ƙirƙirarriyar basirar da ke rubuta amsa) a kan kwamfutarka, Continue mai haɗa shi da editan VS Code, da Aider mai aiki a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Ƙaramin samfurin da zai gudana a kan laftof bai kai manyan na kamfanoni ƙwarewa ba, wannan kuwa gara ka san shi tun yanzu. Amma yana isa ga bayanin kod, cikasa layi, rubuta gwaji da gyaran fayil ɗaya ko biyu, matuƙar ka bi matakan a jere ba ka tsallake ko ɗaya ba.

1. Auna kwamfutarka kafin ka taɓa data

Abu na farko shi ne ka san yawan RAM ɗinka da filin da ya rage a faifai. A Windows ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga shafin Performance. A Linux ka rubuta `free -h` da `df -h`. Ma'aunin da masu Ollama suka bayar shi ne RAM na gigabait 8 ga samfuri mai ma'auni biliyan 7 (wato yawan lambobin da ya koya, wanda da shi ake auna girmansa), gigabait 16 ga mai biliyan 13, da gigabait 32 ga mai biliyan 33. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zai sa samfurin ya tashi, ba abin da zai ba ka sukunin aiki ba, domin edita da burauza da shi kansa Windows suna cin nasu kason.

Shawarata ita ce, mai gigabait 8 ya tsaya ga samfurin biliyan 1.5 ko 3, mai gigabait 16 ya ɗauki na biliyan 7, wanda kuma yake da katin hoto na Nvidia mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 ko fiye, ko Mac mai kwakwalwar M1 zuwa sama, shi ne zai ga saurin da ake faɗa.

Gargaɗi: kada girman lamba ya ruɗe ka. Lokacin da na fara, na sauke samfurin biliyan 14 a kan laftof mai gigabait 8, na ƙona datar gigabait 9 a dare ɗaya, da na tashe shi kuwa sai linzamin kwamfutar ya daskare, fanka tana ta ihu, kalma ɗaya tana fitowa bayan dogon jira. Washegari na goge shi. Idan laftof ɗinka yana da gurbin ƙara RAM, kuɗin da za ka kashe a wurin mai gyara don kai shi gigabait 16 ya fi duk wani abu da za ka saya amfani a wannan aiki.

2. Girka Ollama

A Windows da Mac ka je ollama.com ka sauke fayil ɗin girkawa ka bi umarninsa. A Linux layi ɗaya ne:

`curl -fsSL https://ollama.com/install.sh | sh`

Bayan ya gama ka rubuta `ollama --version`. Sannan ka buɗe burauza ka shiga `http://localhost:11434`. Idan ka ga rubutun da ke cewa Ollama yana gudana, to wannan mataki ya kammala.

Gargaɗi: Ollama ba ya tambayar kalmar sirri. A yadda yake zuwa, kwamfutarka kaɗai yake saurara, kuma haka ya kamata ka bar shi. Za ka ci karo da masu cewa ka saita `OLLAMA_HOST` zuwa `0.0.0.0` don wata na'ura ta iya kaiwa gare shi. Idan ka yi haka a kan wayifai na ofis ko na makaranta, duk wanda ke kan layin zai iya amfani da samfurinka, har ma ya goge shi.

3. Zaɓi samfuri ka sauke shi

Na zaɓi dangin Qwen2.5-Coder na kamfanin Alibaba, wanda ya fito a 2024, saboda yana da girma iri-iri daga biliyan 0.5 zuwa 32, kuma yana da nau'in da aka horar musamman don cikasa tsakiyar kod. Sababbi na fitowa kullum, amma matakan ba sa canjawa, suna kawai za ka sauya. Samfuri biyu kake bukata, babba don hira da gyara, ƙarami don cikasa layi yayin da kake rubutu:

`ollama pull qwen2.5-coder:7b`

`ollama pull qwen2.5-coder:1.5b-base`

Na farkon ya kai kimanin gigabait 4.7, na biyun kuwa bai cika gigabait 1 ba. Ka lura da kalmar `base` a ƙarshen na biyu. Wannan nau'i ba a koya masa hira ba, ci gaba da kod kawai yake yi daga inda ka tsaya, kuma abin da ake so ke nan a wajen cikasawa. Idan ka sa mai hira a wannan gurbi, wani lokaci zai riƙa cusa maka bayani da gaisuwa a tsakiyar fayil.

Idan intanet ta yanke a tsakiyar saukewa, kada ka goge komai. Sake rubuta umarnin, zai ɗora daga inda ya tsaya. Jimillar datar da dukan wannan aiki zai ci, har da edita da sauran kaya, za ta kai gigabait 7 zuwa 8, don haka ya fi kyau ka yi shi da tsarin datar dare ko a wurin da ke da wayifai mai ƙarfi. Bayan wannan ba ka da sauran kuɗin wata-wata, alhali tsarin biyan kuɗi na GitHub Copilot, mataimakin kod na kan intanet, na mutum ɗaya dala 10 ne a wata a 2025.

Gargaɗi kan lasisi: ba duk samfurin da ake saukewa kyauta ne aka yarda a yi kasuwanci da shi ba. Na biliyan 1.5, 7, 14 da 32 a wannan dangi suna ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, wanda ya halatta aikin kuɗi. Na biliyan 3 kuwa lasisinsa daban ne, na bincike. Wanda yake koyo zai iya amfani da shi, amma mai rubuta wa abokin ciniki manhaja ya karanta sharuɗɗan tukuna. Umarnin `ollama show qwen2.5-coder:3b --license` zai nuna maka su.

4. Idan wani ya riga ya sauke, kwafa da filash

Babu dalilin da zai sa mutum biyar a ofis ɗaya ko aji ɗaya kowa ya ƙona gigabait 6 a kan abu guda. Samfuran suna zaune a folda ɗaya: a Windows `C:\Users\sunanka\.ollama\models`, a Mac `~/.ollama/models`, a Linux kuma `/usr/share/ollama/.ollama/models`. A cikinta akwai ƙananan folda biyu, `blobs` da `manifests`, kuma dole ka kwafe su duka biyun, domin ta farko ce ke ɗauke da nauyin samfurin, wato manyan fayilolinsa, ta biyu ce ke gaya wa Ollama wane fayil ne na wane suna. Ka rufe Ollama a kwamfutar da za a kai wa, ka zuba foldojin a gurbinsu, ka sake tashe shi, sannan ka duba da `ollama list`.

Kurakurai biyu ne ke faruwa a nan kusan kullum. Na farko, yawancin filash suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, sai ka ga kwamfuta tana cewa fayil ya yi girma alhali filash ɗin na gigabait 32 ne kuma babu komai a ciki. Maganinsa shi ne ka kwashe abin da ke ciki ka mayar da shi exFAT. Na biyu, a Linux fayilolin da ka kwafa za su zama mallakarka, Ollama kuma yana gudana da nasa sunan, don haka sai ka miƙa masa su da `sudo chown -R ollama:ollama /usr/share/ollama/.ollama/models`.

5. Gwada saurinsa a taminal

Kafin ka haɗa shi da edita, ka tabbatar yana aiki shi kaɗai, don idan matsala ta taso daga baya ka san ba daga nan take ba.

`ollama run qwen2.5-coder:7b --verbose`

Ka ba shi ƙaramin aiki, misali ya rubuta aikin Python da ke tantance ko lambar waya tana da lambobi 11 kuma ta fara da sifili. A ƙarshen amsar za ka ga layin `eval rate`, wato yawan gutsuren rubutun da yake fitarwa a daƙiƙa. A ganina, idan ya gaza 4 ko 5, haƙurinka zai ƙare kafin sati ya zagayo, gara ka sauka zuwa ƙaramin samfuri. Ka buɗe wata tagar taminal ka rubuta `ollama ps` don ka ga ko aikin yana kan CPU ne, wato babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko GPU, wato katin hoto. Idan kana da katin Nvidia amma ya nuna CPU ɗari bisa ɗari, yawanci direban katin ne ya tsufa. Ka fita da `/bye`.

Game da harshe: ka riƙa ba shi umarni da Turanci mai sauƙi. Na gwada Hausa sau da yawa, kuma waɗannan ƙananan samfura suna kama wasu kalmomi su saki ma'anar jimla. Bayanin da kake rubutawa a cikin kod don abokan aikinka yana iya zama da Hausa, ka dai tabbatar fayil ɗin yana kan UTF-8 don kada ƙ da ɗ da ɓ su lalace.

6. Faɗaɗa abin da yake iya riƙewa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi sa mutane yanke hukuncin cewa samfurin ba shi da amfani. Ollama yana zuwa da ƙaramar taga ta tunawa, a tsofaffin fitowa gutsure 2048, daga baya aka ɗaga zuwa 4096. Idan abin da ka tura ya wuce haka, ba zai yi maka ƙorafi ba, zai yar da wani sashe ne a shiru ya amsa da abin da ya rage. Na taɓa ba shi fayil mai layi kusan 400 na ce ya gyara wani aiki a ƙasa, sai ya sake ƙirƙiro ayyukan da suke nan a saman fayil ɗin da wasu sunaye daban, na ɗauka rashin ƙwarewa ne, ashe saman fayil ɗin bai taɓa isa gare shi ba.

Ka buɗe sabon fayil mai suna `Modelfile` ka rubuta layi biyu:

```
FROM qwen2.5-coder:7b
PARAMETER num_ctx 8192
```

Sannan ka rubuta `ollama create qwen-8k -f Modelfile`. Wannan ba ya sake sauke komai, sabon suna ne kawai a kan nauyin da kake da shi.

Gargaɗi: faɗin tagar yana cin RAM. Mai gigabait 16 ya fara da 8192, idan kwamfuta ta ɗauka lafiya ya gwada 16384. Kada ka zabura zuwa 32768 don kawai samfurin yana iyawa.

7. Haɗa shi da edita ta hanyar Continue

A VS Code ka shiga sashen Extensions ka nemi Continue ka girka. Akwai shi kuma ga editocin JetBrains. Idan ya tambaye ka ka shiga da asusu, ka zaɓi hanyar aiki a kan kwamfutarka. Saitunansa suna cikin fayil ɗin `config.yaml` a foldar `.continue` da ke babbar foldar sunanka. Ka mayar da shi kamar haka:

```
name: Mataimaki
version: 0.0.1
schema: v1
models:
  - name: Babba
    provider: ollama
    model: qwen-8k
    roles:
      - chat
      - edit
      - apply
  - name: Karami
    provider: ollama
    model: qwen2.5-coder:1.5b-base
    roles:
      - autocomplete
```

Gargaɗi: YAML, wato tsarin rubutun wannan fayil, ba ya yafe kuskuren tazara. Ka yi amfani da sarari biyu-biyu, kada ka danna Tab, domin tazara ɗaya da ta kauce za ta sa samfuran su ɓace daga jerin. Haka kuma za ka tarar da tsofaffin bayanai da ke maganar `config.json`; wancan tsohon tsari ne, kada ka gauraya su.

Amfani da shi hanya uku ne. Ka zaɓi wani yanki na kod ka danna Ctrl da L don ka yi tambaya a kansa. Ka danna Ctrl da I don ka ce a gyara yankin a wurin, zai nuna maka layukan da zai cire da waɗanda zai ƙara kafin ka amince. Yayin rubutu kuma za ka ga shawara cikin dusashen launi, ka danna Tab idan ta yi maka. Idan laftof ɗin yana nishi, cikasawar ce ta fi cin ƙarfi domin tana tashi a kowane ɗan rubutu, ka kashe ta daga sandar ƙasan edita ka bar hira da gyara. Ka shiga saitunan Continue kuma ka kashe aika bayanan amfani, tunda dalilin dukan wannan wahala shi ne kada komai ya fita. Gwajin da ya fi gamsarwa shi ne ka kashe intanet gaba ɗaya ka yi masa tambaya.

8. Sa Git a gaba kafin ya taɓa fayil

Kada ka bar mataimaki ya gyara aikin da ba ya cikin Git, wato manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod don ka iya komawa baya. Idan aikin sabo ne ka rubuta `git init`, ka ajiye halin da yake ciki da `git add .` da `git commit -m "kafin mataimaki"`, sannan ka buɗe reshe da `git switch -c gwaji`. Kafin wannan ajiya ta farko, ka tabbatar fayil ɗin `.env` da duk inda kake ajiye makullan biyan kuɗi da kalmomin sirrin rumbun bayanai suna cikin `.gitignore`. Ka kuma sa su a `.continueignore` da `.aiderignore`. Yau samfurin yana kan kwamfutarka, amma ranar da ka sauya zuwa na kan intanet don wani aiki mai wuya, ba za ka tuna da waɗannan fayiloli ba.

9. Girka Aider don gyaran da ya shafi fayiloli da yawa

Aider, wanda Paul Gauthier ya ƙirƙira, yana zaune a taminal, yana gyara fayiloli kai tsaye, kuma yana ajiye kowane gyara a Git da kansa. Kana bukatar Python a kwamfutarka.

`python -m pip install aider-install`

`aider-install`

Ka gaya masa inda Ollama yake. A Linux da Mac: `export OLLAMA_API_BASE=http://127.0.0.1:11434`. A Windows: `setx OLLAMA_API_BASE http://127.0.0.1:11434`, sannan ka rufe taminal ka sake buɗewa, in ba haka ba saitin ba zai kama ba. Ka shiga foldar aikinka ka rubuta `aider --model ollama_chat/qwen2.5-coder:7b`.

Tsarin da nake bi a kowane aiki shi ne wannan. Ina ƙara fayilolin da za a gyara kaɗai da `/add`, biyu ko uku, ba dukan aikin ba. Ina fara da `/ask` in tambaye shi yadda zai tunkari gyaran, wanda a wannan yanayi ba ya taɓa komai, sai na gamsu da shirin nake cewa ya aiwatar. Bayan gyara ina duba `/diff`, in gudanar da gwaji da `/test`, idan bai yi ba in mayar da `/undo`. Da na gama da fayil ina cire shi da `/drop`, idan hira ta yi tsawo kuma ina share ta da `/clear`.

Gargaɗi: kuskuren sababbi shi ne su zuba masa fayil ashirin suna zaton yawan bayani zai ƙara masa fahimta. Ga ƙaramin samfuri akasin haka ne ke faruwa. Haka nan umarni irin na a gina mini manhajar kula da shago ba zai haifar da abin kirki ba. Ka yanka aikin: yau teburin kaya, sannan aikin rage adadi idan an sayar, sannan gwajin da ke tabbatar da cewa adadin ba ya sauka ƙasa da sifili. Idan Aider ya riƙa cewa samfurin ya kasa bin tsarin gyara, ka ƙara `--edit-format whole` don ya sake rubuta fayil ɗin gaba ɗaya, wanda ya fi jinkiri amma ya fi sauƙi ga ƙananan samfura.

10. Tantance abin da ya rubuta

Kod ɗin da ya fito da tsabta ba lallai ya zama daidai ba, kuma wurare uku ne nake dubawa da idon basira. Na farko sunayen ƙunshin kod na wasu da ya ce a girka. Samfura suna ƙirƙiro sunan da babu shi, kuma akwai miyagun da ke rajistar irin waɗannan sunaye su cusa musu cuta, don haka kafin ka rubuta `pip install` ko `npm install` ka buɗe pypi.org ko npmjs.com ka ga ko kunshin na gaske ne, wa ya wallafa shi, kuma tun yaushe. Na biyu tambayoyin rumbun bayanai: idan ka ga ya manna abin da mai amfani ya rubuta kai tsaye cikin jimlar SQL, ka ƙi karɓa, ka ce ya yi amfani da gurabun da ake cikewa daban. Na uku lissafin kuɗi. Sau da yawa zai ajiye naira a matsayin `float`, wanda ke haifar da ɓatan kwabo a jimilla. Ka sa ya yi amfani da `Decimal` ko ya ƙidaya da kwabo a cikakkiyar lamba.

Ka tuna kuma cewa iliminsa ya tsaya a lokacin da aka horar da shi. Idan kana aiki da sabuwar fitowar wani tsari, ka kwafo shafin bayanin da ya dace ka ajiye a fayil, ka ba Aider shi da `/read-only`.

11. Wuta, zafi da tsaftace faifai

Samfurin yana zama a RAM na minti 5 bayan tambayar ƙarshe kafin Ollama ya sauke shi. Idan an ɗauke wuta kana kan batir, ka sauke shi nan take da `ollama stop qwen-8k`, ka kashe cikasawa, ka ci gaba da rubutu da hannunka, domin tunanin samfuri a kan CPU yana shan batir da sauri ƙwarai. A lokacin zafi kada ka ɗora laftof a kan katifa ko darduma. Ka ɗaga bayansa da littafi ko wani abu mai tauri don iska ta shiga, in ba haka ba zai rage gudunsa da kansa ka ɗauka samfurin ne ya lalace. Duk bayan wani lokaci ka duba `ollama list`, ka goge waɗanda ka gwada ka bari da `ollama rm` da sunansu. Idan faifan C ya cika, ka saita `OLLAMA_MODELS` zuwa wata folda a wani faifai, ka kwashe `blobs` da `manifests` zuwa can, sannan ka sake tashin Ollama.